Barmini da Hancin Ɗakin Inna

Mijin ƙanwata yana da sunan yanka kamar kowa, amma rabona da in ji an kira shi da shi tun shekarar da ya auri Auta. Barmini muke ce masa, a gabansa da bayan idonsa, kuma yana amsawa da fara'a don a zatonsa yabo ne. Daga bakinsa sunan ya fito. Famfo ya fara ɗiga, bar mini. Ƙofa ta yi ƙara, bar mini. Ko hira kake yi ka ambaci cewa fankar wani ta tsaya a wata unguwa can, kafin ka rufe baki ya ce a bar masa.

A shagon takalma yake aiki. Abu ɗaya da aka taɓa biyansa ya auna a duniya shi ne ƙafar mutum, ita ma ba a rasa masu dawowa canji. Amma ka ji shi yana zancen gini da wayar wuta, sai ka rantse shi ya zana garin. Mahaifiyarsa da kanta ta ba ni labari, tana dariya kamar wani abin alfahari, cewa yana yaro ya kwance rediyon babansa ya mayar, kusoshi suka yi saura a tafin hannunsa, rediyo kuwa bai ƙara cewa uffan ba. Da aka tambaye shi sai ya ce masu ƙera rediyon ne suka yi almubazzaranci, suka sa kusoshin da ba a buƙata. Ba a doke shi ba ranar, kuma a ganina daga nan aka cuce mu.

Har yau yana da gwangwanin madara da yake tara irin waɗannan ragowar. Ni idan na leƙa gwangwanin nan makabartar kayan danginmu nake gani. Agogon bangon Inna yana ciki, keken ɗinkina yana ciki, injin markaɗen Auta ma haka. Gidansu kuwa sai wanda ya saba. Ƙofar banɗaki ba ta buɗuwa sai ka ɗaga ta da gwiwa. Makunnin fitilar falo a kicin yake, don a can wayar ta ƙare masa. Auta mai haƙuri ce, ta koyi zama a gidan nan yadda ake koyon tafiya da ƙafa mai ciwo, har ta kai idan baƙo ya zo ita take raka shi bakin banɗaki ta ɗaga masa ƙofa.

Akwatin kayan aikinsa ja ne, na ƙarfe, ya fi takalman shagonsu sheƙi. Guduma, zarto, filaya, sifana manya da ƙanana, kowanne da makwancinsa, kuma yana goge su fiye da yadda yake amfani da su. Iliminsa duka daga waya yake samo shi. Akwai wasu mutane masu tsabtataccen hannu da yake kallo suna gyara gida kafin shayi ya huce, su yake kira malamansa. Da a kan gidansa kaɗai ya tsaya, da ban ɓata bakina a kansa ba. Kowa da irin jarabar da Allah ya haɗa shi da ita, Auta ta samu tata.

Gidan Inna, mahaifiyarmu, tsoho ne. Babanmu ne ya gina shi da hannunsa da na abokansa, a ƙarshen wani lungu, bango ɗaya da gidan burodi. Ɗakin Inna shi ne na ƙurya, kuma a bayan bangonsa tanderun masu burodin yake. Lokacin ginin, Baba ya roƙi mai gidan burodi na wancan zamanin, suka bar wata 'yar kafa a ƙasan bangon, daidai kan gadon Inna, suka sa bulo mai huda-huda. Masu burodi sukan hura wuta kafin asuba, daidai lokacin da sanyi ya fi cizo, sai ɗumi ya riƙa sulalowa ta kafar nan, bangon ma gaba ɗaya ya yi ɗumi kamar jikin mutum. Hancin ɗaki muke kiran wurin. Muna yara, a nan muke jera tafin ƙafafunmu da safe muna ture juna, kayan makarantarmu kullum da ƙanshin burodi. Bayan rasuwar Baba, Inna ta ce muddin hancin nan yana numfashi ba ita kaɗai take kwana ba.

Sauran gidan kam ya gaji. Tagogi suna kaɗawa, rufi yana yoyo a falo, ƙofar waje ta bar tazarar da kyanwa take shiga ba sai ta sunkuya ba. Sanyin bara ya yi tsanani, don haka da aka fara jin alamar na bana Babban Yaya ya tara mu. Ya ce ɗayan biyu: ko a gyara gidan kafin sanyi ya sauka, ko Inna ta koma wurinsa. Wurinsa kuwa bene ne, hawa na uku, kuma gwiwoyin Inna sun daɗe da yin sallama da matakala. Duk wanda yake wurin taron ya san idan ta hau ta hau ke nan. Inna sai murza bakin zanenta take yi, amma na ga tsoro a idonta ƙarara.

Na ce a kira kafinta da magini, mutanen da sana'arsu ke nan. Babban Yaya ya gyaɗa kai, har ya ɗauko waya. Sai muka ji gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Haba Yaya, ina raye a kira bare ya shiga ɗakin Inna? Ku bar mini."

Na buɗe baki, Auta ta taka mini ƙafa. Inna kuwa ba ta taɓa iya ce wa suruki a'a ba, ko idonsa ba ta kallo. Ta ce Allah ya yi albarka, magana ta ƙare a nan.

Ya ɗauki hutu daga shagon takalma, kamar wanda ƙasa ta kira. Rufi ya fara hawa. Yoyo ɗaya ne a falo lokacin da ya jingina tsani, da ya sauko sun zama uku, don duk inda ya taka sai kwanon ya lotsa. Ya ce ai gara da ya taka, ya tona asirin wuraren da dama suke shirin ɓallewa. Ƙofar waje ya ciro ta ya ƙara mata katako a ƙasa, ta ƙi rufuwa, ya yanke, ya wuce gona da iri, ya sake ƙarawa. Tagogin falo ya bi su da leda da gam ya liƙe ruf, yadda ko gobara ta tashi sai dai a yi salati. Duk wannan na haɗiye, don falo ne, ba a falo Inna take kwana ba.

Sai malamansa na waya suka koya masa dabarar kyandir. Wai ka kunna kyandir ka bi bango da shi a hankali, duk inda harshen wutar ya karkata, to nan iska take shigowa, nan za ka toshe. Dabarar ba laifi gare ta, a hannun mai hankali. Wata ranar da la'asar ya kunna kyandirinsa ya shiga zagaye gidan yana tafiya a duƙe, Auta tana biye da shi da alli tana yin alama duk inda ya nuna. Ni ba na nan, ina wurin aiki. Auta ce ta ba ni labarin daga baya, tana yi tana kallon ƙasa.

Da suka zo ɗakin Inna ya janye gado, ya kai kyandir bakin hanci, wuta ta kwanta har ta kusa mutuwa. Auta ta ce tsalle ne kawai bai yi ba. Ya ce ga ɓarawon, ga inda sanyin gidan nan duka yake shigowa, shekara da shekaru an sa tsohuwa kwana da kanta a bakin rami. Auta ta gaya masa ɗumi ne yake shigowa ta nan, daga tanderu. Ya tura hannu ya ce ina ɗumin? Da la'asar ne, masu burodi sun kashe wuta tun hantsi, tanderu ya huce. Ta ce ya zo da asuba ya taɓa ya ji. Barmini da asuba! Mutumin da ko a shagon takalma sai an buɗe an share yake isowa. Ya ce iska iska ce, ba ta da safe ba ta da yamma, kuma kyandir ba ya ƙarya.

Inna tana zaune a bakin ƙofa tana jinsu. Ta yi masa hannunka mai sanda iya yadda kunya ta bar ta. Ta ce, ba tare da ta dube shi ba, wannan wurin marigayi ne ya bar shi da gangan.

"Allah ya jiƙan Baba," in ji shi, "amma aikin mutanen da ke nan, Inna. Lokacin ilimi bai zo ba."

Auta ta yi alama da alli.

Ya ce ƙura da warin fenti za su dami Inna, a kai ta gidana har ya gama, kuma kada kowa ya leƙa don yana son ya ba mu mamaki. Ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin ya rataye makulli a wuya. Duk zamanta a wurina Inna ba ta ce mini komai a kan hanci ba, Auta ma ta yi gum. Na lura dai Inna ba ta cin abinci sosai, na ɗauka kewar gida ce.

Ranar buɗe ɗaki har da lemo ya saya. Gaskiya ɗaya zan faɗa, ɗakin ya yi kyau a ido. Ya dama siminti ya ɗura a hancin har ya cika. Bai tsaya nan ba, ya bi bangon tanderun gaba ɗaya ya manna masa soso mai kauri, ya rufe da falanki, ya shafe da fenti ruwan madara. Sauran bangwaye ukun, waɗanda suke fuskantar waje da iska, bai taɓa su ba, don kyandir bai karkata a wurinsu ba. Wato mutumin nan ya tashi tsaye, ya zuba ƙarfinsa da basirarsa duka, ya kare ɗakin Inna daga abu ɗaya tak da yake ɗumama shi.

Babban Yaya yana ta shafa bango yana cewa kamar otal. Ni ina shiga na ji wani abu ya ɓace, na tsaya ina jan hanci kafin in gane. Babu ƙanshin burodi. Na janye gadon, na ga falanki sumul har ƙasa. Abin da na faɗa masa a wurin ba zan maimaita ba, amma na haɗa da rediyon babansa. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Ya yi murmushin nan nasa na mai haƙuri da jahilai, ya ce Yaya ai ba a gane aikin zamani a rana ɗaya, kuma wannan da nake kira ƙanshi, a ilimance hayaƙi ne.

Na ce a ɓalle falankin a ranar. Inna ce ta hana. Ta ja ni gefe ta riƙe mini hannu, ta ce bawan Allah ya wahala, ya bar aikinsa, ya hau rufi saboda ita, idan aka rushe a gaban jama'a da wane ido zai kalli Auta, kuma wa zai sha haushin a gida in ba Autar ba. Ta ce za ta ƙara bargo. Na haƙura, raina yana tafasa. Babban Yaya ya ce a gwada a gani, ai sanyin bai zo ba tukuna.

Sanyi ya zo, kuma bai zo da wasa ba. Ɗakin Inna ya koma kamar cikin randa. Da yake ya liƙe tagar ɗakin ita ma, numfashin mutum ba shi da hanyar fita, sai gilashi ya riƙa zufa, ruwa yana gangarowa, baƙin danshi ya fara tsirowa a kusurwa bayan akwatunanta. Bargo biyu suka zama huɗu. Da na yi ƙorafi, Barmini ya kawo wata hita mai ɗumama ɗaki da ya tsinto a gwanjo ya gyara da kansa. Ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta yi tartsatsi ta ƙone soket, ta tafi da wutar rabin gidan. A gwangwanin madara an samu ƙarin kusoshi.

Inna ta shiga ɓoye tari. Idan na zo sai ta ce ƙura ce, ko ta ce ruwa ta sha ya sarƙe ta, don ta san tari ɗaya a kunnen Babban Yaya daidai yake da hawa na uku. Matar mai burodi ce ta tare ni a lungu ta gaya mini cewa kullum da sassafe Inna takan lallaɓo da sandarta ta zauna a kan benci a bakin ƙofarsu, wai ta zo gaisuwa. Gaisuwar ba ta ƙarewa sai wuta ta mutu. Matar da ta yi shekara arba'in ɗumin nan yana zuwa ya same ta har kan gado, yanzu ita take fita cikin sanyin safiya tana bin sa a ƙofar mutane. Da na ji haka kuka na yi a tsaye a lungun, na takaici.

Washegari na zo da guduma ta aro, na ce ko Inna za ta yi fushi sai dai ta yi. Na ɓalle falanki, na yage soso, na isa ga simintin. A nan na tarar garin neman gira an rasa ido. Da Barmini ya ɗura siminti, ya sa masa ruwa da yawa, ya malala ta hudojin bulon ya zuba ta ɓangaren masu burodi, ya daskare a gindin tanderunsu. Su kuma da suka ga an toshe daga wajenmu, suka ɗauka ba a so ne, suka kankare abin da za su iya, suka ɗora sabon layin bulo a nasu gefen don kada ya sake faruwa. Mai burodi ya ba ni haƙuri, ya ce buɗe wurin sai an kashe tanderu an bar shi ya huce an fasa, kuma ba zai iya ba sai sanyi ya wuce, lokacin da ciniki yake raguwa.

Inna ba ta kai wucewar sanyi a ɗakin ba. Tarin ya sauka a ƙirji, zazzaɓi ya biyo, muka kwana biyu muna zarya a asibiti. Likita ya ce kada ta koma ɗaki mai danshi. Babban Yaya bai ma tsaya shawara ba, daga asibiti ya wuce da ita gidansa, aka ɗauke ta a kan kujera aka hau da ita. Tana ta ba masu ɗaukarta haƙuri a kowane hawa.

Gidan kuma aka ce bai kamata a bar shi ba kowa. Wa zai zauna ya kula da shi? Ba sai na faɗi wanda ya yi gyaran murya ba. Yanzu shi da Auta suke ciki, ya mayar da falanki inda na ɓalle, ya mai da ɗakin Inna wurin ajiye jan akwatinsa. Na ji yana gaya wa wani maƙwabci cewa ɗakin nan dama can ba ya ɗumamuwa, ginin mutanen da ne, ya yi iya ƙoƙarinsa amma an makara ba a kira shi da wuri ba. Da na tayar da zancen fasa bango idan zafi ya shigo, Babban Yaya ya ce a bar tsohuwa ta huta, hawa da sauka ya ishe ta.

Ɗakin da aka ba ta a bene yana da tsabta, yana da hita ta gaske. Ta warke, sai dai ta yi shiru. Idan zan je nakan biya ta tsohon lungunmu in sayi burodi mai zafi in naɗe a tawul. Ba ta cika ci ba. Takan ɗora shi a cinya ta dafa da hannu biyu har ya huce, sannan ta ce a ba yara. Kujerarta tana jikin taga, kuma tagar tana da 'yar tazara a gefe inda katako ya ɗan rabu da bango. Ta nan hayaniyar titi take shigowa, da muryar masu talla, da 'yar iska. Matar Babban Yaya ta so ta cusa tsumma, Inna ta ce a'a, tana son jin mutane.

Ranar wata Asabar muna zaune sai ga Barmini da Auta sun zo gaisuwa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Yana miƙewa idonsa ya sauka a kan labule yana ɗan motsi. Na ga fuskarsa ta haskaka. Ya matsa ya kara bayan hannunsa a tazarar, ya girgiza kai irin na masana, ya fara laluben aljihu inda yake ajiye tef ɗin awo.

"Inna, iska ce fa take shigo miki ta nan. Bar mini, gobe in Allah ya kai mu..."

Inna ta ɗago kai ta dube shi tsakar ido. Tun da ya auri Auta ban taɓa ganin ta yi haka ba. Ta ɗora tafin hannunta a kan tazarar.

"A'a, ɗan nan," ta ce. "Wannan kam, kai ka bar mini."

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan hannunta. Shi kuwa ya tsaya da tef a hannu, ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya yi dariya ya mayar da shi aljihu.

Da za su tafi na raka su bakin matakala. Ina jinsa yana sauka yana gaya wa Auta, cike da jin daɗi, cewa ta gani, yanzu har Inna ta ɗauki kalmarsa ta "bar mini".